Marubucin Karkara da Fim Mai Dogon Zango

Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Dambatta da Makoɗa, da wuya mutum ya yi 'yar tafiya a kan babur bai ci karo da gida ba. Gonaki a manne suke da juna, ba a barin saura, kowace shekara a zuba taki a sake shuka gero da dawa da gyaɗa da wake. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa 'yar kaɗan. A cikin waɗannan gidaje akwai marubuta, ko da yake ba su cika kiran kansu da wannan suna ba: malamin firamare da ke komawa gona bayan an tashi, matar aure da ta yi sakandare ta tsaya, saurayi mai shagon caji. Babu mai teburin rubutu a cikinsu. A waya ake rubutun, da babban yatsa, bayan an sauke tuwon dare, kuma da damina yakan ja baya, don wanda ya wuni yana noman firi ba labari ne a gabansa ba. Abin da kusan dukansu suka yi tarayya a kai shi ne son kallon fim mai dogon zango.

Ba ta talabijin fim ɗin yake shiga yawancin gidajen ba, tunda wutar lantarki sai an ga dama. Mai tura finafinai ne ke sauko da sabon kashi, a ba yaro waya ko memori da 'yan canji ya je ya karɓo, daga nan maƙwabta su kwasa ta Xender. Sai a jingina wayar da kwano a tsakar gida, mata su zagaye ta da faifan gyaɗa suna ɓara, masu ɗinkin hula na ɗinki, a tsayar da fim ɗin idan yaro ya yi kuka, a mayar da shi baya idan wata ba ta ji abin da uwar miji ta ce ba. Marubuciyar gidan tana cikinsu, sai dai kallonta biyu ne: ido ɗaya a waya, ɗaya a fuskokin masu kallo. Ta san daidai inda aka yi tsaki da inda aka ce "Allah ya isa".

Masu cewa daga Indiya ko Turkiyya muka koyi yanka labari kashi-kashi sun manta da tarihinmu. Littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano tun farko a rarrabe suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya a inda ran mai karatu zai tashi. Haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo a farkon shekarun 1990, kuma ta hanyar haya da aro irin waɗannan littattafai suka ratsa ƙauyuka. Wadda ba ta iya boko ba rediyo ya karanta mata, a shirye-shirye irin Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko. Kafin nan ma akwai Samanja na Usman Baba Pategi a Kaduna, da wasannin gidan talabijin na CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano. Don haka da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kuma fito da Daɗin Kowa, ta tarar da masu jira a shirye.

Ta kuma tarar da marubuta. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih daga rubutun littafi suka shiga rubuta wa tashar labari. Ɗan'azumi Baba, wanda yara suka sani da Kamaye mijin Adama a Daɗin Kowa, marubuci ne tun zamanin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, shi ya rubuta Rikicin Duniya. Gidan Dabino kansa ya fito a shirin tashar na Kwana Casa'in. Daga 2020 kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka tabbatar da cewa kasuwar faifai ta mutu, dogon zango ne ya gaje ta.

Marubucin karkara ya ƙaru da wannan kallo, ba musu. Hirar da ke cikin labaran yanzu ta fi ta da kama da maganar mutane; an rage doguwar wasiƙar soyayya mai shafi uku. An koyi riƙe zare huɗu ko biyar a lokaci guda, a bar gidan Alhaji a leƙa gidan direbansa a dawo ba a ruɗe ba. An kuma koyi mugun hali guda: jan labari. Idan masu karatu na biya, sai a ƙi kashe rigimar da ta isa mutuwa, a kawo hatsarin mota, a kawo mantuwa, a tono wata 'yar da aka ɓoye shekara ashirin. Siffantawa ma ta yi rauni, domin wanda ya saba kyamara ta nuna masa ɗaki ba ya jin wajibi ne ya zana ɗakin da kalmomi.

Babbar asarar dai ita ce ta muhalli. Yarinyar da ke rubutu a ɗakin ƙasa a gefen Kunchi, tana jin kukan jaki, sai ka ga tauraron labarinta yana da kamfani a Abuja da gida a Dubai, yana saukowa daga bene da makullin mota a hannu. Ƙauye, idan ya shigo, wuri ne da ake ɗauko 'yar aiki kyakkyawa wadda ɗan masu gida zai aura a kashi na arba'in. Ko kuma wurin dariya, irin baƙauyen da marigayi Rabilu Musa Ibro ya ƙware wajen fitowa, shi kuwa ya iya, masu kwaikwayonsa ne suka mayar da abin raini. Daɗin Kowa ya fi kusa da ƙasa, akwai malamin tsangaya da mai shayi da 'yan gudun hijira, shi ya sa dattawan da ba su damu da fim ba suka karɓe shi. Amma shi ma gari ne na masu sana'a da 'yan kasuwa. Gona tana can bayan fage.

Alhali kuwa babu abin da ya dace da labari mai dogon zango kamar gonar wannan yanki. Mutum ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya goma sha biyu daga ɗaki uku. Gandu ya watse. Wani yana so a sayar wa dillalan filaye da ke matsowa daga Dawanau, wani ya riga ya ba da kasonsa jingina ya tafi ci-rani Legas, 'yan mata an ce su bar wa maza su noma musu, ga kuka guda a kan iyaka kowa na cewa tasa ce. Magana ta tashi daga zauren mai unguwa ta je wa dagaci, ta wuce gaban alƙali, ta dawo ta ɓata auren zumunci. Wannan rigima takan shekara goma ba a ƙara mata gishiri ba. Ɗorayin da mai bincike Polly Hill ta yi nazari a littafinta na 1977 a matsayin karkarar manoma, yau unguwa ce a cikin birnin Kano. Yadda aka yi gonakin suka zama fuloti labari ne da ya isa zango biyar. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna tun a Wa Zai Auri Jahila? cewa yarinyar ƙauye za ta iya ɗaukar littafi sukutum a kanta.

Ana ba da uzuri, kuma ba duka ne na banza ba. Wadda ta wuni a bakin murhu ba lalle ta so a sake nuna mata murhu da dare ba. Furodusa yana lissafin masu kallo a YouTube da masu ba da talla, su kuwa falo mai kujeru suke so a ga kayansu a ciki. Ga Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda a 2025 ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, har sai an kai mata su ta duba. Sai dai waɗannan duk matsalolin mai kyamara ne. Marubucin da ke Makoɗa ba ya hayar gida ko mota, ba ya biyan jarumi. Abin da labarin gado zai ci masa cajin waya ne, da kuma shirin amsa tambayar 'yan uwa idan suka gane gonar wa ake nufi.