Gani Ya Kori Ji: Littafin Tolkien a Hannun Masu Sinima

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A sha'anin ciniki ko na shari'a maganar nan ba ta da ja. Amma a sha'anin littattafan almara, watau labaran da a ke ƙagawa na dodanni da matsafa da ƙasashen da babu su a taswira, akwai abin dubawa. Mai karanta irin wannan littafi da idon zuci ya ke gani. Shi ya ke ƙera wa jarumi fuska, shi ya ke gina birni, ya yanka wa ganuwarsa tsawo. Ran da aka ce masu sinima za su mai da littafin fim, sai murna da fargaba su haɗu masa. Yana ɗokin ganin abin da ya daɗe yana ji, yana kuma tsoron kada a musanya masa abin da ya sani da wani abu dabam. Cikin littattafan da aka fi yin wannan gardama a kansu akwai na J. R. R. Tolkien.

Shi Tolkien shaihun malami ne na tsohon Turanci a Jami'ar Oxford ta Ingila. A 1937 ya fitar da ɗan littafi na yara mai suna The Hobbit, sa'an nan a 1954 da 1955 ya fitar da babban littafinsa, The Lord of the Rings, watau Sarkin Zobba, kashi uku, shafi fiye da 1,000. Labarin wani zobe ne na tsafi wanda azzalumin sarki Sauron ya ƙera don ya mallaki duniya. Zoben ya faɗa hannun Frodo, ɗaya daga cikin waɗansu gajerun mutane manoma da a ke kira Hobit, masu zaune a ƙasar Shire. Duk wanda ya riƙe zoben nan, kome kyaun niyyarsa, sai ya lalata masa zuciya. Saboda haka babu dabara sai a kai shi dutsen wutar da aka ƙera shi a jefa. Frodo da baransa Sam su suka ɗauki wannan kaya, manyan sarakuna kuwa suna can suna yaƙi don su ɗauke hankalin maƙiyi daga kansu.

Abin sha'awa, Tolkien da kansa ya bar ma'aunin da za a auna fim ɗin littafinsa da shi. A 1957 waɗansu Amurkawa suka kawo masa tsarin fim wanda Morton Grady Zimmerman ya rubuta. Ya karanta, ransa ya ɓaci, a 1958 ya rubuta doguwar wasiƙa yana bin kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Bai ce kada a rage kome ba, don ya san littafi mai shafi dubu ba ya shiga awa uku. A ganinsa gara a zaɓi abin da za a bari a yar da saura, da a cusa kome da kome a dagula. Babban kukansa shi ne marubucin ya fi son faɗa, ya yi sakaci da zuciyar labarin, watau tafiyar masu ɗauke da zobe. Har ya ce in wuri ya ƙure, to, a yar da yaƙin Helm's Deep, tun da ba shi ne ginshiƙi ba. Ba a yi wannan fim ba. A 1969 ya sayar wa kamfanin United Artists izinin yin fim, ya rasu a 1973 bai ga ko ɗaya ba. Na zane wanda Ralph Bakshi ya fitar a 1978 a rabin labari ya tsaya, ba a ƙarasa ba.

Wanda ya kai kayan gida shi ne Peter Jackson, mutumin Niyu Zilan. A ƙasarsa ya ɗauki fim uku a haɗe, aka fitar da su a 2001 da 2002 da 2003, tsawonsu duka ya ɗara awa 9. Sun yi kasuwa ƙwarai, na ukun kaɗai ya ci lambar girma ta Oscar har 11 a 2004. Yawancin masoya littafin sun fito gidan sinima suna yabo, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Jackson ya ɗauko Alan Lee da John Howe, masu zanen da suka daɗe suna ƙawata littattafan Tolkien da hotuna, ya sa su tsara gidaje da birane da makamai. Don haka mai kallo da ya ga ƙofar gidan Hobit mai da'ira, ko farin birnin Gondor hawa bakwai, sai ya ji kamar ya koma garin da ya taɓa zama. Ta wajen ido, amana ta cika.

An yanke abubuwa da yawa, amma galibi yankan bai yi ɓarna ba. A littafi shekara 17 ce tsakanin ran da Frodo ya gaji zobe da ran da ya bar gida, a fim kuwa kamar 'yan makonni ne. An fid da Tom Bombadil, wani tsoho mai yawan waƙa wanda zoben ba ya ci. Waɗansu sun yi gunaguni, amma Bakshi ma ya fid da shi, haka kuma wasan rediyon BBC na 1981, domin in an cire shi labari ba ya ɗingishi. An kuma ba Arwen, budurwar jarumi Aragorn, aikin ceton Frodo a bakin kogi, alhali a littafi wani ne mai suna Glorfindel ya zo da dokin. Wannan tattali ne na mai fim, kada a tara wa mai kallo baƙin fuskoki. Irin zaɓen da Tolkien ya yarda da shi ke nan.

Inda magana ta ke shi ne wurin da aka taɓa halin mutane. Misali mafi girma shi ne Faramir, ɗan mai riƙon sarautar Gondor. Wansa Boromir ya yi kwaɗayin zobe, ya nemi ƙwace shi. A littafi, da Frodo ya faɗa hannun Faramir a daji, ga mayaƙa a bayansa, ga garinsu na bakin halaka, ya gane abin da baƙon ke ɗauke da shi, amma ya ƙi taɓawa. Ya ba su guzuri ya sallame su. A fim na biyu kuwa sai ya kama su, ya tasa ƙeyarsu har Osgiliath da nufin kai wa ubansa zoben, sai daga baya ya sake shawara. Masu fim sun kawo hujja. Sun ce sun ɓata awoyi suna nuna wa mai kallo cewa zoben nan ba ya barin kowa, in wani ya zo ya kau da kai a sauƙaƙe, ƙarfin zoben ya zube. Hujjar tana da kama hankali, amma ta tsallake nufin mai littafi. Tolkien ya aje 'yan'uwan nan biyu ne gefe da gefe, uwa ɗaya uba ɗaya, don a ga cewa wanda ya san kansa ya kan guje wa jarraba tun daga nesa. Da aka mai da Faramir kusan kamar wansa, sai labarin ya koma cewa kowa na da farashi. Ba abin da littafin ya faɗa ke nan ba.

Akwai irin wannan a waɗansu wurare. A fim na uku Frodo ya saurari tseguntawar Gollum, tsohon mai zoben da ke yi musu ja-gora, ya kori Sam a kan dutse, abin da Frodon littafi bai yi ba, ba kuwa zai yi ba. A dogon bugun da aka fitar a faifai, Aragorn ya sare kan jakadan Sauron ana cikin magana a bakin ƙofa. A littafi jakadan ya yi rashin kunya iyakar iyawarsa, amma ba wanda ya ɗaga masa hannu, don jakada ba a taɓa shi. Yaƙin Helm's Deep kuwa, wanda babi ɗaya ne tak kuma Tolkien ya ce ana iya yar da shi, shi ya zama ƙololuwar fim na biyu, wajen minti 40. Dukan canje-canjen nan gefe guda suka karkata: a ƙara rikici, a ƙara sara da suka, a rage kamun kai.

Amma hasarar da ta fi duka ita ce ta ƙarshen labari. A littafi, bayan an hallaka zobe an naɗa sarki, Hobit huɗu sun koma gida suka tarar yaƙi ya riga su isa. Matsafi Saruman da 'yan barandansa sun mamaye Shire, sun sassare itatuwa, sun rushe tsohon gidan niƙa sun gina wani mai hayaƙi, sun cika gari da dokoki da masu gadi. Ba sarki, ba matsafin da zai taimake su. Su da kansu suka ta da mutanensu suka kori azzalumai. Frodo bai zare takobi ba, kuma da aka kama Saruman ya hana a kashe shi. A gabatarwar bugu na biyu Tolkien ya ce wannan babi yana cikin tsarinsa tun farko, ya kuma danganta shi da yadda aka lalata karkarar da ya yi ƙuruciya kusa da Birmingham. Mutum ne da ya ga yaƙin Somme a 1916, kafin 1918 kuwa aminansa duk sun mutu sai ɗaya. Ya san ba a zuwa yaƙi a dawo a tarar da gida yadda aka bar shi. Jackson ya fid da babin nan ɗungum. Hobit ɗinsa sun tarar da Shire kore shar, ba abin da ya taɓa ta.

To, ga abin lura. Hayaniyar da masoya littafin suka yi a kan wannan babi ba ta hana yawancinsu gamsuwa ba, don sun yarda fim ya riga ya yi tsawo, ido kuwa ya ƙoshi. Ashe gamsuwar masoya ba ma'auni ne mai aminci ba. Masoyi ya kan shiga sinima da lissafi a ka, yana duba ko an nuna kaza, ko an faɗi kaza. In aka cika masa lissafi sai ya yafe abin da ya fi lissafin nauyi.

Duk da haka rashin adalci ne a ce Jackson bai san zuciyar littafin ba. Ya bar maganar da tsoho Gandalf ya yi wa Frodo a kan tausayin Gollum, ya dai matsar da ita zuwa kogon Moria, ta kuwa zauna daidai. Bai ɓoye cewa Frodo ya kasa a bakin wuta ba, ya ce zoben nasa ne, ko da ya ke fim irin na Amurka ba ya son jaruminsa ya kasa. Andy Serkis ya fito da Gollum abin tsoro abin tausayi. Akwai kuma ɗan wuri kusa da ƙarshe inda abokan nan huɗu ke zaune a mashaya sun yi jugum, mutanen gari na ta harkarsu ba su san abin da aka yi dominsu ba. Wannan ba ya cikin littafi, amma Tolkien ne tsantsa. Ya nuna ana iya ƙara abu a kuma riƙe amana.

Wanda ke shakkar cewa ƙari ya fi ragi haɗari, ya dubi abin da ya biyo baya. Daga 2012 zuwa 2014 Jackson ya mai da The Hobbit, ɗan littafi mai shafi wajen 300, fim uku na kusan awa 8. Ba a yar da abu mai yawa ba, sai dai an yi ta ciko: an ƙago wata jaruma Tauriel da labarin soyayyarta, an dawo da Legolas wanda babu shi a littafin. A littafi, ana tsakar babban yaƙi dutse ya bugi Bilbo a ka ya suma, sauran labari sai ji ya yi. A fim yaƙin nan ya cinye babban rabo na kashi na uku. An tsinka miya da ruwa don ta ishi baƙi, masoya da yawa kuwa suka ɗanɗana suka ture. A 2012 ɗan marubucin, Christopher Tolkien, ya gaya wa jaridar Le Monde ta Faransa cewa an mai da aikin ubansa fim ɗin faɗa na samari. Maganar ta yi tsauri ga fim ukun farko, amma ta dace da na baya.

Ɗalibin Hausa ya san sake wa labari riga ba laifi ba ne. A shekarar da The Hobbit ya fito, a ita Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fara fitowa, labaranta da yawa kuwa daga littattafan Larabawa da na Turawa aka ɗebo su, aka sa musu rawani da babbar riga. Ba mai cewa Imam ya ci amana, domin bai ce ga littafin wane ba, nasa ya gina. Mai fim kuwa da ya rubuta sunan littafi a bakin ƙofa, da sunan ya tara jama'a, saboda haka ajiya ce a hannunsa. Yana da izinin ya rage kaya don jaki ya iya ɗauka, amma ba shi da izinin ya canja abin da ke cikin buhu.

A bisa wannan ma'auni, Jackson ya riƙe amanar ido duka, ta zuciya kuwa ya riƙe fiye da rabi, abin da ba kasafai a ke samu ba. Fim ɗinsa ya jawo wa littafin sababbin masu karatu masu ɗimbin yawa, wannan alheri ne. Sai dai mai karatun yau da fuskokin 'yan wasa ya ke buɗe littafi, da wuya ya ƙera nasa. A nan gani ya kori ji. Amma Faramir da ya ƙi zobe, da Shire da aka ɓata aka gyara, har yanzu suna nan inda Tolkien ya bar su, ba mai ganinsu sai wanda ya karanta.