Wasiƙun Zango da Manhajojin da Ke Mayar da Akwatin Imel Taska

A kan titin Castle da ke Adabraka, cikin birnin Akra, hedkwatar hukumar adana takardun gwamnatin Gana take, wadda aka fi sani da PRAAD, wadda dokar majalisa mai lamba 535 ta shekarar 1997 ta tsara aikinta, bayan ta gaji gidan adana takardun da aka fara haɗawa tun 1946. Mai binciken tarihin unguwar Sabon Zango ko ta Nima yakan tarar a irin wannan wuri da koke-koke da wasiƙun da shugabannin Musulmin Akra suka aika wa hukumar mulkin mallaka a kan shugabanci da filaye da masallaci, kuma abin da ya tsirar da su bai wuce cewa a takarda aka rubuta su, wani akawu ya jera su cikin fayil ba. Rubutun wasiƙa tsohuwar sana'a ce a wajen malaman wannan yanki, domin Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna a Salaga sannan ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin tsara wasiƙa. Wasiƙun da ƙungiyoyin Zango da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya suka yi musayarsu daga 1995, shekarar da kamfanin Nii Quaynor ya haɗa Gana da intanet sosai, ba su sami akawun da zai jera su ba, da yawansu suna kwance ne a akwatin imel na wani magatakarda, bayan kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani.

Manhajojin da za su fitar da irin waɗannan wasiƙu su zama shafukan da ake buɗewa ana karantawa sun daɗe da samuwa. Yawancinsu suna karɓar fayil mai suna mbox, wato dogon fayil guda da ake jera duk saƙonnin akwati a cikinsa, wani bayan wani, kuma da wannan siga ne Google ke miƙa wa mai Gmail kwafin wasiƙunsa idan ya nema ta Takeout. Kowane saƙo yana ɗauke da lambar shaida da ba a nuna wa mai karatu, amsar da aka ba shi kuma tana ambaton wannan lamba, don haka manhajar kan bi lambobin ta ƙulla tambaya da amsoshinta su zama silsila ɗaya, sannan ta fitar da jadawali bisa kwanan wata ko sunan marubuci ko batun magana. Hypermail, wadda Kevin Hughes ya sake rubutawa a 1994, da MHonArc ta Earl Hood, wadda ta fito a wannan zamani, da Pipermail da ta zo tare da tsohon Mailman, manhajar gudanar da zaurukan tattaunawa ta imel, duk a kan wannan hanya suke, kuma abin da suke haifarwa shafuka ne tsayayyu, ma'ana kowane saƙo ya zama ƙaramin fayil mai zaman kansa da ba ya bukatar wata na'ura ta riƙa sarrafa shi kafin a karanta.

Matsalar ita ce waɗanda suka ƙera su sun auna sauƙin amfani da ma'aunin kansu. Wanda zai sarrafa MHonArc sai ya girka harshen Perl, ya buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in kuma yana son kanun shafi su fito da Hausa ko launinsa ya sauya, sai ya rubuta wani fayil na musamman mai nasa ƙa'idoji, wanda kuskuren alama ɗaya a cikinsa kan ɓata tsarin duka. Wannan ba komai ba ne ga injiniya, amma ga malamin makaranta a unguwar Maamobi ta Akra da aka ɗora wa rubuce-rubucen ƙungiya don an ga yana da kwamfutar tafi-da-gidanka, katanga ce. Mai karatu ma bai tsira ba, domin an zana shafukan ne don babban allo, alhali a Zango da waya ake shiga intanet, sai rubutu ya fito ƙanana kamar ƙwayar gero, ana ja da yatsa hagu da dama kafin a kai ƙarshen layi. Pipermail kuwa ba ta da wurin bincike ko kaɗan, tana cire takardun da aka maƙala wa saƙo ta ajiye su gefe, kuma da yake da lambar jeri take raɗa wa shafi suna, idan aka goge saƙo ɗaya aka sake gina taskar, adireshin da wani ya ambata a rubutunsa zai iya kai mai karatu ga wata wasiƙa dabam.

Akwai kuma abin da ya shafi Hausa kai tsaye. Tsarin haruffan Yammacin Turai da akasarin manhajojin imel suka yi aiki da shi a shekarun 1990 ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka marubuta suka riƙa yin dabara, wani ya bar ƙugiyar gaba ɗaya, wani ya ɗora waƙafi a gefen harafin, wani ya sa babban baƙi a tsakiyar kalma. Da tsarin UTF-8 ya bazu haruffan suka sami gurbi, amma akwatin da ya shekara ashirin yana tara saƙonni ya haɗa dukkan waɗannan salo, ga Turanci da ya mamaye rubutun hukuma a Gana, ga sallama da addu'a da haruffan Larabci da ake rubutawa daga dama. Manhajar da ta yi kuskuren gane tsarin da aka rubuta saƙo da shi sai ta fitar da alamomin tambaya da murabba'ai a gurbin haruffa, wadda ta gane ɗin ma, idan akwatin bincikenta bai ɗauki k da ƙ a matsayin 'yan uwa ba, to mai neman wasiƙun da suka shafi wani fili zai sami wasu ya rasa wasu, ba tare da an sanar da shi cewa ya rasa komai ba.

Amsar da masu ƙera manhaja suka bayar daga baya ita ce ƙawata fuska. HyperKitty, wadda ta zo da Mailman 3 a 2015, tana da bincike, tana daidaita kanta da allon waya, tana nuna silsilar magana a shafi guda, kuma ba shakka ta fi daɗin karatu. Sai dai ta sayi wannan daɗi da tsada, domin ba ta fitar da fayiloli tsayayyu, a rumbun bayanai take ajiye komai, tana bukatar uwar garke mai aiki dare da rana da wanda zai riƙa sabunta ta da kuɗin haya da galibi da dala ake biya, ga ƙungiyar da ke tara karo-karo da sidi. Ranar da saurayin da ya girka ta ya yi tafiya ko aka kasa biyan haya, taskar ta rufe. Ko manya ba su tsira daga wannan ba, tunda Gmane, taskar da Lars Magne Ingebrigtsen ya riƙe shekaru da dama, ta rufe shafukanta a 2016, Yahoo kuma ta share abin da jama'a suka tara a zaurukanta na Groups tsakanin ƙarshen 2019 da farkon 2020. Saboda haka, ga al'umma irin ta Zango, tsohuwar hanya mai munin fuska ta fi dacewa, domin jakar fayiloli tsayayyu ana kwafe ta a filashi, a ba limami ɗaya, a ba sarkin Zango ɗaya, a buɗe ta ko babu intanet, kuma magatakardan da zai gaji kujerar bayan shekara goma ba ya bukatar sanin komai face danna fayil na farko. Aikin da ya kamata matasan da ke koyon ƙera manhaja a Akra su sa a gaba ƙarami ne, wato su yi wa tsohon injin ƙofa mai sauƙi da za a jefa mata mbox ta fitar da shafukan da suka dace da waya, da binciken da ya san ƙugiya.

Wani zato da ke cikin kusan duk waɗannan manhajoji shi ne cewa abin da aka juya za a baje shi ne ga duniya, domin an ƙera su don muhawarar injiniyoyi wadda dama a fili ake yin ta. Akwatin kwamitin masallaci kuwa yana ɗauke da sunayen marayu da zawarawa da aka taimaka wa, da rikicin gado, da lambobin wayar masu aiko da gudummawa daga Jamus da Amurka, kuma dokar kare bayanan mutane ta Gana, mai lamba 843 ta shekarar 2012, ba ta yarda a watsa irin wannan haka kawai ba. Abin da MHonArc ke iya yi bai wuce ɓoye wani ɓangare na adireshin imel ba. A nan ePADD, wadda ɗakin karatu na Jami'ar Stanford ya fitar a 2015, ta fi kusa da tunanin ma'aikacin gidan adana takardu, domin tana ba mai akwatin damar tace wasiƙu kafin ya miƙa su, tana raba abin da kowa zai gani da abin da sai a ɗakin karatu, ko da yake dabarunta na gane sunaye a kan Turanci aka gina su.

Lokaci kuma ba ya jiran a kammala wannan muhawara, domin tun Disamban 2023 ƙa'idar Google ta ba ta damar share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, kuma akwatin ƙungiyar da harkokinta suka koma WhatsApp, magatakardanta na farko ya rasu ko ya sauya lambar wayar da ake dawo da kalmar sirri da ita, yana cikin waɗanda ƙa'idar ta shafa.