Kun Ɗauki Sifika, Kun Bar Sange

Tun da aka fara yankan gero, duk ƙarshen mako sai hoto iri ɗaya ya yi ta yawo a Facebook da WhatsApp. Abokai sun haɗa kuɗi sun ɗauki shatar Hiace daga Damagaram, an cire kujerun baya an shimfiɗa katifa, an gangaro kudu wajen Bande ko Wacha, an sami inuwa kusa da ruwa an ya da zango. Ga tabarma, ga shayi a kan garwashi, ga kula cike da ƙanƙara, ga sifika kamar za a yi biki. A tsakiyar hoton kuma ga jariri, an sa masa hula mai kunnuwa, kowa na son a ɗauke shi da shi. Daga ƙasa an rubuta cewa a nan za a kwana. Ni kuwa duk hoton da ya zo sai na buɗe shi na duba lungu da saƙo ina neman abu ɗaya, sange. Har yau da wuya in gan shi.

Kada wani ya ce ina ƙin fitar. Wallahi ina son ta. Wanda ya san ƙasar Magariya da Dungas a kaka ba zai zargi mai marmarin zuwa ba. Dammunan gero a jingine, ridi a tsaye an ɗaure shi yana bushewa, gawo da ya yini tsirara duk damina ya fara fitar da ganye, kwarin Korama kore shar da rake. A gasa maka tumu ka murje a tafin hannu ka hure, a kawo dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira. Ma'aikacin da ya shekara tsakanin ofis da fada, in ya kwaso iyalinsa ya kawo su su ga inda tuwonsu yake fitowa, ya kyauta. Na fi son haka da a ce yaro ya girma bai san bambancin gero da dawa ba.

Amma ku faɗa mini gaskiya, daga ina aka ɗauko wannan salon? Daga bidiyon Turawa. Su suna da mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da ɗan wurin wanke kwano, kuma tun shekarun 1950 suke gyara motocin Volkswagen don haka. In ganye ya fara ja a Jamus ko Faransa sai su ɗauki jariri su tafi daji su kwana biyu. Lokacin sanyi ya fara shiga, sauro ya ja da baya, kuma ko da ya ciji yaro, zazzaɓin cizon sauro ya daɗe da barin ƙasashensu. Mu kuwa kakarmu ita ce ganiyar masassara. Ruwan sama ya ɗauke amma tabkuna na nan cike, ciyawa ta kai ƙugu, sauro ya gama hayayyafa. An kwaikwayi motar da katifar da hoton, an manta cewa Oktoban Magariya daban yake da nasu.

Kuma mu ne ya kamata a ce mun fi kowa sani. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magariya tun 2005, kuma sashen yara na asibitin garin duk shekara a waɗannan watanni yake cika ya batse. A Satumban 2018 ƙungiyar ta sanar cewa yara 730 ne a kwance a wurin, kuma a watan da ya gabaci sanarwar kusan yara 10 ke rasuwa kowace rana, galibinsu da zazzaɓi da tamowa. Wannan a garinmu aka yi, ba labarin wata ƙasa ba ne. Iyayen waɗancan yara ba su da zaɓi, a bakin tabkin suke zaune, can gonarsu take. Kai da Allah Ya ba ka ɗaki mai raga a taga, ka ɗauko jaririnka da kuɗinka ka kawo shi bakin ruwa da magariba, ka kwantar da shi fili. Abin nan yana ci mini rai.

In ka yi magana sai a ce wuri ne babu a mota. Sifika ta sami wuri. Kula ta sami wuri. Har da 'yar sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora waya don ɗaukar bidiyo. Sange kuwa in an naɗe shi bai fi zane ɗaya girma ba, kuma mai ciki kyauta ake ba ta shi a wurin awo. Wata ƙanwata da na tsare da tambaya ta faɗa mini abin da sauran ke ɓoyewa. Ta ce, "Yaya, yana ɓata hoto ne, sai wurin ya zama kamar ɗakin asibiti." Na gode mata da ta faɗi gaskiya, amma ban bar ta ba sai da ta saka shi a jaka.

Wasu kuma su ce ai cikin mota za a kwana, za a rufe gilashi. Wanda ya taɓa kwana a Hiace a watan Oktoba ya san ƙarshen zancen. Kafin ƙarfe goma zufa ta jiƙa katifa, yaro ya fara kuka, dole a zuge taga. Kuma tun la'asar ƙofar baya a buɗe take ana shiga ana fita, sauro ya riga ya shige ƙarƙashin kujera yana jiran dare. Sai wani mai dabara ya kunna maganin sauro mai hayaƙi a cikin motar, kusa da hancin jariri ɗan wata biyu. Haba jama'a.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa ai an ba yaro maganin rigakafi. E, tun 2013 ake rabon wannan magani a Nijar, kuma Magariya na cikin wuraren da aka fara. Ana bi gida-gida wata-wata a lokacin damina zuwa kaka, kuma ya ceci yara da yawa, Allah Ya saka wa masu yawon rabon. Amma daga ɗan wata 3 ake farawa zuwa wata 59. Jaririn da uwarsa ta gama wankan jego jiya-jiya ba ya ciki. Wanda ke ciki ma, masu rabon da bakinsu suke cewa a ci gaba da kwana a sange. Ka ji rabin maganarsu ka bar rabi.

Akwai masu kawo hujja da kakanni, wai ai da goyo ake kwanan gona. An yi, gaskiya ne, kuma dole ce ta sa. Je ka tambayi kowace tsohuwa a Dogo-Dogo ko Dan Ciyawo 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu, ka ji amsa.

Abin da ke sa wannan sakaci ya ci gaba shi ne zazzaɓin ba ya zuwa a daren. Lahadi da yamma an koma gida lafiya, an saka hotuna, an sha yabo. Sai bayan mako ɗaya ko biyu jikin yaro ya yi zafi, ya ƙi nono, a ce haƙori ne ko iska ce ta buge shi. Babu mai tuna daren Asabar. A jariri kuwa wannan ciwo ba ya jira, cikin yini ɗaya yana iya kai shi ga suma da ƙarancin jini. Sannan a fara neman wanda jininsa ya dace, abokan nan da aka sha shayi tare ana kiransu ɗaya bayan ɗaya.

Maza, da ku nake musamman. Ku ne kuke tsara tafiyar a fada. Kun san wanda zai sayi nama, kun san wanda zai zuba mai, kun san mai kawo caja. Maganar yaro kuwa an bar wa uwarsa, ita da ke fama da kayan sawarsa da ruwan zafi da goyo. In dare ya yi kuna can kuna zagaye na uku na shayi, ita tana cikin mota tana kore sauro da gefen mayafi har asuba. Da safe a ɗauki hotonta a ce kowa ya huta. Wa ya huta? Ɗaura sange a mota aikin minti biyar ne: igiya daga marikin da ke saman ƙofa zuwa na ɗaya ɓangaren, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ta ko'ina, a duba ko akwai huda. Wanda ya iya haɗa sifika da batirin mota ya iya wannan.

Na yarda, akwai waɗanda ke yin abin yadda ya kamata, na ga wasu ƙalilan. Sun kafa zango a kan tudu nesa da tabki, sun gaida mai gona kafin su sauke kaya, sun sa wa yaro riga mai dogon hannu tun rana ba ta faɗi ba. Su ba su cika saka hoto ba ne.

Saboda haka 'yan uwa, ku fita, ku ci tumu, ku sha rake. In jaririn bai kai wata uku ba, ku yini ku juyo gida kafin magariba, Magariya zuwa Damagaram tafiya ce da ba ta kai a kwana ba. In kwanan kuke so, ku haƙura zuwa Disamba da sanyi ya kama tabkuna suka ja baya, ku riƙo bargo. In kuwa kun ce lallai sai yanzu, to a fara saka sange a mota kafin sifika. Kuma duk yaron da jikinsa ya yi zafi bayan an dawo, a kai shi gwajin jini a ranar, kada a jira gobe.