Gishirin Hausa da Kalmomin Motsin Rai: Gyara Kan Rabonsu

Masu nazarin nahawu sun daɗe suna fama da ƙananan kalmomi, watau waɗanda ba suna ba ne, ba kuwa aikatau ba. A yau da ake bin jimloli ana yi wa kowace kalma lamba domin koyar da kwamfuta, wahalar nan ta sake tasowa. Tsarin Universal Dependencies yana da azuzuwan kalmomi 17, ya kuwa ware wa motsin rai aji guda. Amma wajen nuna dangantakar kalma da sauran jimla, sai ya gama motsin rai da kalmomin saita zance ƙarƙashin lamba ɗaya. A ganinmu gamin nan bai dace da Hausa ba.

Ga dalili. Kash, wayyo, af da tir kowace tana iya tsayuwa ita kaɗai, ta zama zance cikakke. Amma dai, fa, kam, ma, kuwa da kuma, waɗanda Paul Newman ya keɓe musu babi cikin nahawunsa na 2000, sai sun jingina da wata kalma. Ba a buɗe magana da dai ko kam. Su ne ake ce wa gishirin Hausa, muhallinsu kuma yana juya ma'ana. "Audu ma ya zo" na nufin akwai waɗansu da suka zo. "Audu kam ya zo" na ware shi daga waɗanda ake shakkarsu. Lambar da ta ɗauki ma tamkar kash ta zubar da wannan bambanci.

Akwai kuma masu fuska biyu. Kai wakilin suna ne cikin "kai ne ka faɗa", amma wanda ya ga abin mamaki yakan ce "Kai!" ko da mace ce gabansa. Haka to: wani lokaci amsa ce ta yarda, wani lokaci mabuɗin sabon zance, kamar "To, sai sarki ya tashi."

Saboda haka shawararmu ga masu wannan aiki da malaman kwalejojin horon malamai ita ce a auna kalma da tambaya biyu: tana tsayuwa ita kaɗai? Ina take zama cikin jimla? In an bi fassarar wani harshe, lalle ɗalibi da na'ura duka za su koyi Hausa lami.