Tasirin Sassaƙar Gargajiyar Afirka a Kan Kayan Ɗaki na Zamani

Kujerar gargajiya a yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sassaƙa ta ake yi daga gungumen ice guda. Masassaƙi yana ƙwaƙule gungumen da gizago har mazauni da ƙafafu da gindi su fito, ba ƙusa, ba gam, ba haɗin katako irin na kafinta. Wannan hanyar aiki ita ce ta ba ta siffarta: gajeriya, mai kauri, wadda adonta yake a jikin abin da ke ɗauke da nauyi. 'Yar tsugunno ta matan Hausawa tana cikin wannan dangi, haka ma kujerar Nufawan Bida mai ƙafafu da yawa da zane a samanta.

Wadda ta fi jan idon baƙi ita ce ta Ashanti a ƙasar Gana, mai mazauni lanƙwasasshe kamar jinjirin wata a kan ginshiƙai. A wurin Ashanti kujera tana da alaƙa da kurwar mai ita, shi ya sa ake jingine ta idan ba ya kai. Kujerar Zinariya kuwa ta al'umma ce baki ɗaya, ko sarki ba ya hawanta. Da gwamnan mulkin mallaka na Ingila Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa ita ya zauna a 1900, sai yaƙi ya ɓarke a ƙarƙashin jagorancin Yaa Asantewaa.

Mulkin mallaka ne ya kai irin waɗannan kaya Turai, wasu ganima, wasu saye, wasu kyauta, kamar karagar da Sarkin Bamum Njoya ya aika wa Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu a 1908, wadda ke Berlin. Masu zane da masu sassaƙa a Faris ne suka fara kwaikwayon abin da suka gani a gidajen tarihi, masu tsara kayan ɗaki suka biyo baya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Fitaccen misali shi ne Pierre Legrain, wanda ya rasu a 1929. Ya yi wa Jacques Doucet aiki, wani attajirin mai ɗinkin kayan mata da ke tara sassaƙe-sassaƙen Afirka. A shekarun 1920 Legrain ya fito da kujeru da suka bi siffar ta Ashanti da ta Ngombe na Kwango da ta Senufo kusan sak. Abin da ya canza shi ne jiki: katako mai tsada, fenti mai sheƙi, fatar kifi, ruwan zinariya. Ya kuma mayar da sassaƙa ta koma kafinta, wato abin da gungume guda ya bayar a ƙasar Ashanti an harhaɗa shi gunduwa-gunduwa a Faris. Siffa ta tsallaka teku, amma hanyar aiki da ma'ana sun tsaya a gida, kujerar da ake jinginewa don kare kurwa ta zama adon falo. Duk da haka aikin nasa ya shiga cikin salon Art Deco, wanda ya samo sunansa daga baje kolin Faris na 1925.

A Jamus ma, a makarantar Bauhaus, Marcel Breuer da Gunta Stölzl sun yi wata doguwar kujera mai saƙa kala-kala a 1921, wadda aka sani da kujerar Afirka, ko da yake ba ta bi samfurin wata ƙabila takamaimai ba. A Amurka, gajerun kujerun katako da ofishin tsara kaya na Eames ya tsara a 1960 don ginin Time-Life na New York sukan sa a tuna da na Afirka, musamman da yake ana zama a kansu, ana kuma ɗora musu kaya kamar tebur.

Zango na biyu ya fi na farko armashi, domin masu abin, wato 'yan Afirka, ne suka karɓi aikin. Cheick Diallo na Mali yana naɗe zaren roba a jikin ƙarfe tare da masu sana'ar Bamako. Hamed Ouattara na Burkina Faso yana yin kabad da tsofaffin durom na mai. Jomo Tariku, wanda ya tashi a Habasha yake zaune a Amurka, ya ɗauko siffar kujerarsa Nyala daga ƙahon wata barewar tsaunukan Habasha, ya kuma yi tasa kujerar Ashanti da ake iya ɗaga tsayinta. Wannan gyara yana da dalili, tunda mai cin abinci a tebur ba zai iya amfani da 'yar tsugunno ba. Kamfanonin Turai su ma sun sauya salo. Moroso na Italiya ya ƙaddamar da jerin M'Afrique a 2009, kujerun da masaƙa a Dakar ke yi da zaren ragar kamun kifi, IKEA kuma ya yi aiki da masu tsara kaya daga ƙasashen Afirka a jerin Överallt na 2019. A nan aƙalla hannun ɗan Afirka yana cikin aikin, ba siffa kaɗai aka ɗauka ba.

Matsalar suna da riba ba ta kau ba. Binciken da Tariku ya yi a 2020 ya nuna cewa baƙaƙen fata ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu tsara kayan da manyan kamfanonin kayan ɗaki ke sayarwa ba. A gidajen tarihi da dama, kujerar Legrain tana ɗauke da sunansa da shekarar da ya yi ta, ita kuwa ta asalin da ya kwaikwaya sunan ƙabila kawai ake rubutawa a ƙarƙashinta, domin waɗanda suka kwaso ta ba su rubuta sunan masassaƙin ba.