Tangarɗar Na'ura a Matsayin Adon Fasaha: Nazari a Kan Waƙoƙin Finafinan Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a tantance lokacin da aibin na'ura yake zama ado. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu fasaha da ke lalata hoto ko sauti da gangan. Alal misali, a 1965 Nam June Paik ya ɗora maganaɗisu a kan akwatin talabijin, hoton ya murɗe, ya kuma baje shi a matsayin aikin fasaha. Wannan shi za mu kira fasahar tangarɗa.

Tangarɗar Dole

Bahaushe ya daɗe da sanin amfanin abin da aka yar. A Bungudu da Tsafe, kamar sauran garuruwanmu, da gwangwanin madara aka yi fitilar aci-bal-bal, yara kuma suka ƙera motoci. Da finafinan Hausa suka kunno kai da Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo suka yaɗu. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda yawan kwafar kaset a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ya dushe launi, ya shaƙe murya, har 'yan kallo suka saba da hakan. To, amma wannan tangarɗa dole ce ta kawo ta. Babu wanda ya zaɓe ta, saboda haka ba za a kira ta fasaha ba.

Tangarɗar Ganganci

Sha'anin Auto-Tune daban ne. An fito da wannan manhaja a 1997 domin ta gyara kuskuren mawaƙi a ɓoye. Mawaƙan finafinan Hausa kuwa suka ƙure ƙarfinta, suka haɗa da fiyanon Yamaha, har murya ta riƙa karkarwa kamar algaita. Abin da injiniya zai ɗauka aibi, shi kunne ya koma nema. A 2008 Mdou Moctar, Buzu daga Nijar, ya naɗi kundinsa Anar a Sakkwato da wannan salo, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a Sahara. Nan akwai niyya, akwai zaɓi, ga kuma masu koyi.

Duk da haka, salon yana da rauni. Inda aka lulluɓe kowace murya da karkarwa iri ɗaya, karin sautin Hausa yakan ɓace, ma'anar kalma ta rikice, mawaƙa goma su zama kamar mutum guda.

Kammalawa

Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne: shin mawaƙin ne ke sarrafa tangarɗar, ko ita ke sarrafa shi? Ya kamata malaman adabi su daina watsi da waɗannan waƙoƙi a dunƙule, su auna su ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma ya wajaba sassan Hausa na kwalejojinmu su tattara tsofaffin kaset tun ba su ruɓe ba, domin da su ne za a yi wannan awo.