Sannunku da Aiki, Masu Yashe Magudanun Paris

Kusa da gadar Alma a Paris akwai matakalar da ke gangarawa gidan tarihin magudanun ruwan datti. Ruwan na gudana a gabanka, warinsa na dukan hanci. Tun 1867 ake kai baƙi kallon ramukan nan da injiniya Belgrand ya tsara.

Jinjinata ga ma'aikatan da ke kutsawa ciki kullum, da dogayen takalman roba da fitila a goshi, don mutanen sama su kwana lafiya. Dabararsu ta burge ni ƙwarai: ƙatuwar ƙwallo suke sakawa cikin bututu, ruwa ya ingiza ta, ta kore yashi da laka. Hanyoyin ƙarƙashin ma suna ɗauke da sunayen titunan da ke samansu.